Inda Kaka Take Alwala

Shekaranjiya ɗana ya shigo gida da buhun ƴaƴan gawo, ya sayo wa ragon da muke kiwo saboda layya. Yana zazzagewa a kwano sai ɗaya ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Na sunkuya na ɗauka. In ka taɓa riƙe ɗan gawo ka san shi, ja-ja ne, a nannaɗe, in ka girgiza sai ƙwayoyin ciki su yi caka-caka. Na girgiza shi kusa da kunnena, sai na nemi inda nake na rasa. Yaron ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce lafiya lau, amma ba lafiya ba ce. Ƙarar nan ta ɗauke ni ta kai ni gonarmu, ta zaunar da ni kusa da mutum biyu da suke ƙarƙashin ƙasa yau.

Gidanmu ba a cikin gari yake ba. Gidan gona ne can bayan Takieta, ƴan ɗakuna da rumbuna, an kewaye da zana, in ka fito ƙofa ƙafarka a gona take. Kakana ne ya kafa shi, ya rasu ban san shi ba. Waɗanda na buɗe ido na gani su ne Baba, da Inna mahaifiyata, da ƙanena yana goye, sai Kaka, wadda ta haifi Baba.

Sai na gaya maka yadda magana take tafiya a gidan, in ba haka ba ba za ka gane sauran ba. Baba ɗan fari ne, Kaka kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, riƙon da ko a lokacin wasu suna cewa ya yi yawa. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye, ga shi da gemu har ya fara furfura. Ni kuma sunanta aka sa mini, saboda haka Baba ba ya iya kiran nawa sunan, sai dai ya ce Uwata. To, ni ce bakinsu. Za ka gan su zaune a tsakar gida ɗaya, tana jin tarinsa yana jin nata, amma sai ta ce, "Takwara, ki ce wa ubanki gishiri ya ƙare." Shi kuma ya ce, "Uwata, ki ce wa Tsohuwa na ji." Ni dai sai in juya kai nan, in juya can, ina maimaita abin da kowa ya riga ya ji. Dariya abin yake ba ni a lokacin.

Gonar cike take da itatuwa. Akwai aduwa da magarya a kan iyaka, akwai kalgo da sabara ko'ina, ga gawuna a warwatse. Babbansu yana tsakiya, mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsa. Gawo itace ne mai taurin kai. In damina ta sauka kowane itace yana ado, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina tsawo. In rani ya yi, duniya ta bushe, sai ya rufe kansa da ganye ya fara zubo wa awaki ƴaƴa. A nan Kaka take wuni da rani, da tabarmarta da mazarinta tana kaɗi, awaki suna ƙurmus-ƙurmus a kewayenta. A nan ta gaya mini cewa a ƙasar Damagaram, zamanin sarakunan da, gawo itacen sarki ne, wanda ya sare shi, da hannunsa yake biya. Takan faɗi haka tana sarar wuyan hannunta da ɗaya hannun, ni kuwa in ɓoye nawa a cikin zane.

Sai gyaɗa ta yi daraja, garmar shanu ta shigo. Ba na so ka ɗauki Baba mugun mutum. Manomi ne na ƙwarai, mai zuciyar nema, kuma a lokacin abin da ake yabo shi ne gona fes, ba kututture ba saiwa, garma ta wuce ɗoɗar daga wannan iyaka zuwa waccan. Wanda ya bar itace a gona rago ake ce masa, a ce yana tara wa tsuntsu masauki. Baba ya bi kalgo da sabara da gatari, ya tone saiwoyinsu. Gawo kuwa ba a sarar sa a fili saboda ma'aikatan gandun daji, sai dai a tara masa kara a gindi a sa wuta, ya mutu a tsaye, sannan a ce bushewa ya yi. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan babban.

Ranar da ya fara tara kara a gindinsa Kaka ta kira ni. Ta ce, "Ki ce wa ubanki gawon nan ya girme shi." Na ruga na faɗa. Ya goge gumi, bai ɗago ba, ya ce, "Ki ce wa Tsohuwa zamani ya sauya, garma ba ta shiri da saiwa." Na kawo amsa. Ba ta sake aika ni ba. Ta naɗe tabarmarta ta koma bayan ɗaki, wajen da ba a hango gona. Kwana da kwanaki gindin yana cin wuta a hankali, warin ɗanyen itace yana shiga mana har cikin tuwo. Da ya faɗi, ƙasa ta girgiza har ƙoren Inna suka zubo daga kan danki. Kaka tana kaɗi a lokacin, zaren ya tsinke, ta ƙulla ta ci gaba.

Gaskiya gyaɗa ta yi kyau shekarun farko. Baba ya sayi keke da rediyo, ya sayo wa Kaka atamfa mai ruwan ganye. Ta ce in ce masa an gode, ta sa ta a ƙasan akwati, ban taɓa ganinta a jikinta ba.

Sannan fari ya zo. Ruwa ya sauka sau ɗaya, muka fita da sungumi muka yi shuka, hatsi ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke, iska ta taso, ba abin da zai tare ta tun daga iyakar gabas har ƙofar gidanmu. Rairayi ya rinƙa yanka tsiron yana binne shi. Muka sake shuka, ta sake binnewa, muka sake, har iri ya ƙare. Da rani shanun garma suka rasa abin ci, babu ciyawa, babu ƴaƴan gawon da a da ake tsallakewa a ƙasa. Na ga ranar da babban san ya durƙusa ya kasa tashi, Baba yana ɗaga masa wutsiya yana roƙonsa kamar mutum. Awaki suka bi ɗaya ɗaya, wasu kasuwa wasu mutuwa, sai wata jar akuya ta Kaka da ta hana a taɓa. Muka koma cin anza, wadda sai an jiƙa an zubar an sake jiƙawa kafin ɗacinta ya ragu. Baba ya rage magana. Sai ya fita ya tsaya a bakin gona, hannu a baya, yana kallon filin da ya share da hannunsa, babu inda ido zai sauka.

A cikin wannan ranin Kaka ta fara ja na muna zuwa bakin maƙabarta. Nan kaɗai gawo ya saura a kusa, don ba mai sa wuta kusa da kabari. Mata ba sa shiga, sai mu tsaya a waje mu tsinci waɗanda iska ta jefo bayan shinge. Takan yi sallama ga mutanen ciki, ta ɗan daɗe tana kallon ɓangaren da kakana yake, sannan mu cika bakin zane mu dawo. Ni da azarɓaɓina na fasa ɗaya na binne ƙwayoyin a bayan ɗaki ina zuba musu ruwan wanke kwano. Ta yi mini dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce, "Takwara, kin shuka tsakuwa. Gawo ba ya fitowa sai ya bi ta cikin akuya." Sai a lokacin na gane abin da ya sa ta hana a taɓa jar akuyar.

Ta rinƙa ba akuyar ƴaƴan gawo, mu kuma mu bi bayanta muna tsintar kashinta a ƙoƙo. Muka bi gonar, duk inda gawo ya taɓa tsayawa Kaka ta san wurin ko babu alama, ta tona da hannu ta zuba ta rufe. Ta sa ni janyo ƙaya muna kewayewa. Baba yana ganinmu daga nesa, bai hana ba, bai kuma taya ba. Da damina ta kewayo aka yi ruwa kaɗan, wasu suka tsiro, ƴan siraran abubuwa masu ganye kamar gashin ido. Ita ma wannan daminar ƙarya ta yi mana. Hatsi ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, ƴan gawunan suka fara mutuwa.

Ruwa ya zama abin da ake aunawa. Rijiya ta ja baya, Inna takan wuni a can ta dawo da tulu ɗaya, rabinsa laka. Ba wanda zai iya ɗaukar moɗa ya zuba wa itace ruwa a gidan da yaro yake kukan ƙishi, Kaka ma ta san haka. Amma akwai ruwan da ba mai iya hana tsohuwa, shi ne na alwala. Tana da wata butar duma da ta sha ɗinki. In lokacin salla ya yi sai ta zuba ɗan kasonta a ciki, ta dafa sanda ta fita gona, ta tsuguna a kan tsiron, ta yi alwalarta a hankali yadda duk ɗigon da ya bar hannunta da fuskarta zai sauka a gindinsa. Da farko tana zagayawa, azahar a kan wannan, la'asar a kan wancan. Da suka yi ta mutuwa ƙafarta kuma ta yi nauyi, sai ta tsaya a kan guda ɗaya, wanda ya fito a gurbin babban gawon.

Baba ya lura ba ta shan kasonta sai ɗan kurɓi. Ya kira ni, ya ce, "Uwata, ki ce wa Tsohuwa Allah ya yarda da taimama in ruwa ya yi wuya. Ta sha ruwanta." Na kai saƙo. Ta ce, "Ki ce wa ubanki na san taimama tun ba a haife shi ba." Ta ɗauki butarta ta fita. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba. Ina kallon leɓenta a tsattsage, ina kallon abin da take shayarwa, ko tsawon taƙi bai kai ba. Na ce mata ba ya ma girma. Ta ce ƙasa yake tafiya tukuna, sai ya sami abin da yake nema sannan ya waiwayi sama.

Da rumbu ya koma fayau, aka sayar da jar akuyar ma, Baba ya ce sai mu tafi Birni, wato cikin Damagaram, wurin gwaggona, ƙanwarsa da take aure a can. Kaka ta ƙi, sai da Inna ta durƙusa tana kuka ta nuna mata haƙarƙarin ƙanena. Safiyar tafiya ta sa aka cika mata butar, ta je ta yi alwala mafi tsawo da na taɓa gani, ta juye sauran a gindin, ta ƙara masa ƙaya. A kan jakin maƙwabci aka kai ta Takieta, daga nan muka hau kamiyo, babbar motar kaya, cike da irinmu.

Birni ya karɓe mu yadda zai iya. Mijin gwaggo baduku ne, gidansa ƙarami a cikin lungu mai rairayi, ya ba mu zaure da ɗaki ɗaya. Baba, manomin da ya yi shanu da keke, ya rataya garwa biyu a kafaɗa ya zama ɗan ga-ruwa. Ana raba jar dawa ta taimako, mu yara muka saba da ita, cikin Kaka ya ƙi ta. Ta kwanta. A tsakar gidan gwaggo ruwan alwala kwata yake bi ya fita lungu, sai in ga tana bin sa da ido har ya ɓace.

Wata ranar bazara da hantsi, Baba ya fita da garwarsa, ta kira ni. Muryar ta yi ƙasa sai da na kai kunne. Ta tura mini butar, ta ce, "Ki ba ubanki. Ki ce ya san inda ake alwala." Kafin azahar Kaka ta cika. Da aka nemo Baba ya shigo kafaɗarsa a jiƙe, an riga an rufe mata fuska. Bayan an dawo daga maƙabarta na kai masa butar na faɗi saƙon yadda aka ba ni. Ya riƙe ta da hannu biyu ya daɗe. Ya ce, "Uwata, ba ta ce komai ba bayan wannan?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba ta ce ta yafe mini ba?" Yarinya ce ni, saƙo aka koya mini kaiwa ba ƙari ba ragi, na ce ba ta faɗa ba. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ranar.

Damina ta gaba ruwa ya dawo, muka koma gida. Rairayi ya cinye rabin zana, ya hau ƙayar da Kaka ta tara har ba a ganinta. Baba bai shiga ɗaki ba, can ya nufa ya tone da hannu. Muka tarar da ɗan tsinke busasshe, ba ganye ko ɗaya. Na ce ya mutu. Ya sa farce ya ɗan kankare bayansa, sai ga kore a ciki. Ya zauna daɓas a ƙasa. Da la'asar ta yi ya ɗauki butar duma ya fita gona.

Daga ranar har tsufansa a can yake alwala in dai yana gida. Ya ari awakin mutane yana ba su ƴaƴan gawo yana ɗaure su a gona. Duk kututturen da ya yi toho, kalgo ne ko sabara ko aduwa, sai ya rage masa rassa ya bar masu ƙarfi su tashi. Ya dasa kuka da tsamiya a bayan gida. Maƙwabta suka yi ta yi masa ba'a, wai gonarsa ta koma daji, wai fari ya taɓa masa kai. Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Shekaru suka wuce, iska ta rinƙa binne shukarsu tana barin tasa, sai ga su suna zuwa aron dabara. Yanzu har a rediyo ake koyar da abin, wai sassabin zamani. In na ji sai in ce da Kaka tana nan da ta tambaye su zamanin wa.

Gawon ya girma, ya yi inuwar da za ta ɗauki jama'a. Mu mun zauna a ƙarƙashinsa, ƴaƴanmu sun yi wasa, baƙi sun sha fura. Baba kaɗai bai taɓa zama ba. Zai tsuguna ya yi alwala ya tashi, in hutu yake so sai ya koma gefe ya zauna a rana, ko ya tafi gindin aduwa mai inuwar ƙaya. Bayan na yi aure na yi hankali na sha gaya masa cewa butar nan ita ce yafewar, mace irin Kaka ba za ta iya faɗin abin da ya fi haka ba. Wata rana har na ce, "Baba, duk maganarta ta bakina take fitowa, to ga shi na ce ta yafe." Ya yi murmushi, ya ce, "Uwata, wancan saƙo ne, wannan kuwa tausayi ne. Na raba ta da inuwarta ta mutu a rana. Ku dai ku zauna." Wannan magana ta ci ni, har yau tana cina.

Da bazara ya rasu shi ma, ana tsananin zafi. Mutane suka zo daga ƙauyukan kewaye har suka rasa wurin tsayawa, ƙofar gida kuwa rana ce ƙwal. Liman ya duba ya ce a kai shi gindin gawo a yi masa salla a can. Ina cikin gida tare da mata, na tashi na leƙa ta kafar zana. Na ga ƙanena yana korar awaki daga wurin, na ga an sauke makara an kwantar da Baba a tsakiyar inuwar, daidai inda ƙasa ta yi duhu saboda alwalar shekaru. Mata suna ce mini in yi haƙuri in zauna. Ba su san abin da nake kallo ba.

Yanzu a cikin Damagaram nake, ga pampo a tsakar gida. Jikokina sukan buɗe shi su yi alwala ruwa yana ta kwarara kwata, in na yi faɗa su ce tsohuwa ta cika mita. Ba laifinsu ba ne, ba su taɓa ganin an auna ruwa da moɗa ba, ina kuma roƙon Allah kada su gani. Ƙanena ne a gonar, ya ce mini gawuna sun yi yawa har yana rage musu rassa, butar duma kuwa ta daɗe da fashewa, ta roba yake kaiwa can. Ƴaƴansa sun ɗauka haka gonar take tun fil azal.

Ɗan gawon da na ɗauka na jefa wa ragon, na tsaya har ya cinye. Na ce wa ɗana kada ya share kashinsa ya zubar a bola, ya tara mini a ƙoƙo, akwai wani ɗan fili a bayan ɗakina. Ya yi dariya, ya ce, "Mama, gawo fa? Wa zai zauna a inuwar?" Na ce ya miƙo mini buta, la'asar ta yi.